Ƙwayar da ke Kan Agogon Juli

Yaran nan masu gyaran waya da suka kewaye ni da rumfuna a kasuwar Gumel, ba abin da ba su iya ba, amma a baki. Rannan Nazifi, wanda rumfarsa ke manne da teburina, ya miƙo mini wayarsa yana dariya. Wai in kalli wani mutum a can wata ƙasa yana cire 'yar ƙwayar gilashin nan da ake mannawa a fuskar agogo, daidai kan kwanan wata, don lambar ta fito ɓaro-ɓaro. Mutumin ya ƙyasta wuta, ya kara, ya sa reza, ƙwaya ta yi tsalle.

Nazifi ya ce, "Baba Bukar, ka ga sana'ar taka? Ko a ɗaki mutum zai yi abinsa kafin shayi ya huce."

Na ce, "Ɗana, ai wanda ya fasa nasa ba zai ɗauki hoto ya nuna muku ba."

Suka yi dariya suka koma kan wayoyinsu. Ni kuwa na daɗe da maganar a raina, don na cire irin ƙwayar nan ba adadi, amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba zan ce ta zo mini da sauƙi ba. Ta agogon Juli ce, agogon da ya yi shekaru a aljihuna ina jiran mai shi ya zo ya karɓa, ban san ko yana raye ba. Tun da ba su tsaya sun ji ba, bari in faɗa a nan, daga tushe.

Aikin farko da Malam Ilu ya sa ni, wato wanda ya koya mini sana'ar, ba gyara ba ne. Kwanon sha ya turo mini cike da fasassun murafan agogo, ya ce in ware na roba daban, na gilashi daban. Na ce da me zan gane, ga su duk garau? Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa na gaba. Gilashi sanyi gare shi a haƙori, kuma yana cewa ƙas. Roba kuwa ɗumi gare ta, ƙararta a dushe take. Wannan shi ne karatun farko, kuma shi ne wanda masu yi a ɗaki suke tsallakewa. A kan roba, ƙwayar ba manna ta aka yi ba, tare aka zubo su. Ka kara mata wuta ta narke ta yi ƙuraje, ka sa reza ka huda. Ita sai dai a bi ta da samfefa mai laushi har ta kwanta, sannan a goge da man goge baki a ƙyalle. A kan gilashi ne ake mannawa da gam, kuma gam ɗin ake so zafi ya kashe, ba agogon ba.

Malam Ilu bai taɓa kara harshen wuta a jikin agogo ba. Sai ya kwance bayan, ya zaro injin tare da fuskarsa, ya kife su da kofin shayi don kada ƙura ta shiga, ya rage daga kwanon ƙarfe sai gilashi. Daga nan ya aike ni wurin mai shayi da wata ƙusa mai faɗin kai, a cusa ta cikin garwashi. In na kawo ta da hantsaki, sai ya ɗora kanta a bisa ƙwayar, ita kaɗai, kada ta taɓa gefe. Abin dariya, mutumin da ke zaune cikin agoguna ba ya duban ko ɗaya don ya auna lokacin ɗagawa. Hanci yake sawa. In gam ya fara sakin jiki akwai wani ɗan ƙauri da yake yi, da jin sa sai reza a gindin ƙwayar, a kwance, ba a tsaye ba, sai ɗan bugu ɗaya da ƙotar sukudireba. In ka yi garaje, gam bai mutu ba, reza ta ɓantare gilashi. In ka yi nawa, gilashi ya tsage gida biyu. In gumin goshinka ya ɗiga a kai yana da zafi, shi ma tsagewa ne. Ƙwayoyin da muka ciro daga fasassun gilasai ba ya jefarwa, akwai gwangwanin man zafi da yake tara su.

Da Allah ya yi masa rasuwa na gaji teburin, da madubin ido ɗaya, da hantsaki, da sukudireba masu sirantakar allura, da fiffiken zabo na share ƙura, da gwangwanin nan. Na gaji zagayen kasuwanni kuma: Sule Tankarkar, Gagarawa, da uwa-uba Maigatari ranar Alhamis. Kai, a lokacin sana'a sana'a ce. Direbobi, malaman makaranta, dillalan shanu, angwaye, alhazai da tsarabar Makka, duk sai sun tsuguna a gaban teburina. Mutum ya gwammace takalminsa ya tsinke a tsakiyar kasuwa da a tambaye shi ƙarfe nawa ya ce agogonsa ya tsaya. Ina kewar kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Wata Alhamis a Maigatari, ina gindin darbejiyar da ke kusa da masu igiya, wani dogon Bafulatani ya tsaya a kaina ya tare mini haske. Ya buɗe tafin hannunsa, ga agogo, ga kuma ɗan maɓallin gefe, wanda ake wana agogon da shi, a tsinke. Kafin ya ce komai sai ya ƙura wa tsagen fuskata ido.

Ya ce, "Ashe bawana ne ke gyaran. Wa ya yi maka wannan huɗar a fuska? Gero za a shuka?"

Ni Bamange ne, mu da Barebari abu guda ne, kuma kowa ya san tsakaninmu da Fulani ba a gaisawa sai da zagi. Wasa ne da muka gada, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Na ɗauki maɓallin na duba na ce, "Zauna, ɗan bayi. Wa ya ce ka ja shi haka? Ka ɗauka hantsar saniya ce?"

Ya kwashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Sunansa Juli, rugarsu tana can hayin iyaka, wajen Dungas, amma kasuwarsa Maigatari ce.

Abin da ya sa ya tsinke maɓallin shi ne abin da ya haɗa mu. Juli, kamar dattawa da yawa a wajenmu, ba kwanan watan Bature yake sa wa agogonsa ba, na sama yake sawa. Da shi yake sanin kwanakin azumin tsakiyar wata, da shi yake lissafin cikin shanunsa. To agogo kuwa Bature ne ya ƙera shi, sai ya kai talatin da ɗaya yake komawa ɗaya, watan sama kuma ba ya wuce talatin. Saboda haka duk tsayuwar wata sai an tura lambar gaba da hannu. Agogon nasa tsohon yayi ne, ba shi da wurin tura lamba kai tsaye, sai an yi ta juya hannuwan suna zagayawa har ta faɗa. Yatsun Juli kuma na riƙon igiyar bijimi ne. Da na sa masa sabon maɓalli sai ya rantse ba zai ƙara jan sa ba. Ya ce, "Me ya sa Allah ya yi bayi? Duk wata zan kawo maka."

Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Alhamis ɗin farko bayan tsayuwar wata, sai in ga inuwa ta tare mini haske. Ya zauna a kan buhun mai igiya, ina juya hannuwan agogo muna zage-zage, mutane su taru suna dariya. Wani lokacin watan Nijar yakan riga namu tsayawa da kwana guda, sai musu ya tashi kan wanne za a sa. Ni in ce a ƙasarmu yake zaune yanzu, shi ya ce agogon ba a ƙasarmu yake kwana ba. Kullum nasa ake sawa. Ban taɓa zuwa rugarsu ba, bai taɓa ganin ƙofar gidana a Gumel ba. Iyakarmu gindin darbejiyar nan, kuma ta ishe mu.

Ƙwayar ni na sa masa ita. Na lura ya fara miƙar da hannu can nesa yana ƙanƙance ido in zai duba lamba, rannan ma ya karanta sha uku ya ce sha takwas. Ban ce masa komai ba. Na buɗe gwangwanin Malam Ilu na zaɓi wadda ba ta da ko ƙwarzane, na goge gilashin, na ɗiga farin gam da bakin allura, na daidaita ta a kan lambar, na ajiye agogon a rana ya bushe.

Ya karɓa yana yatsina fuska. "Ka fitar wa agogona da maruru."

"Duba dai, makaho."

Ya duba. Sai ya ce, "Lambar ta yi ƙiba. Ta ci burabuskon gidanku." Godiya kam bai yi ba, kuma da ya yi da na ji haushi. Wata na zagayowa ya dire mini ɗan goran man shanu a kan tebur, ya ce sadaka ce yake rabawa bayi.

Sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba. Agogunan batir ne suka fara zuwa, ana sayar da su a faranti kamar goro, in ya tsaya a jefar a sayi wani. Waya ta biyo baya ta ƙarasa mu. Amma shekarar da ba na mantawa ita ce wadda aka rufe iyaka. Maigatari da ba ka samun wurin sa ƙafa ta koma ana jin kukan akuya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Damina ma ba ta yi kyau ba. Sai in wuni ban buɗe bayan agogo ko ɗaya ba. Na koma gyaran tocila da rediyo, na daina zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, akwatin gilashin da nake jera agoguna a ciki ma na rabu da shi. Abokan sana'ata wani ya koma acaba, wani ya koma gona.

Ana saura kaɗan a rufe iyakar Juli ya zo da agogon yana ja da baya. Na buɗe na ga rairayi ya shiga, mai ya bushe. Na ce sai na tafi da shi Gumel na wanke shi a natse. Ya kwance shi daga hannunsa da ƙyar, wurin ya yi fari fat. Ya ce, "In ka sayar ka ci burabusko, ni kuma in sayar da kai in sayi wani." Ya saɓa sandarsa ya shiga cikin masu shanu.

Na wanke agogo, na sa mai, ya dawo yana tafiya tsaf. Alhamis ta zo, ba Juli. Wata ya tsaya, ba Juli. Da farko na ɗora laifin a kan iyaka, amma na san ƙarya nake yi wa kaina, don daji ba shi da ƙofa, Bafulatani ba ya jiran a buɗe masa hanya. Na tambayi dillalai. Wani ya ce sun yi arewa da shanu, wani ya ce ya ji an sayar da garken, wani ya ce wane Julin, ai suna da yawa. Ba shi da waya, ni ma a lokacin ba ni da ita. Aka buɗe iyaka, kasuwa ta fara dawowa, mutane suka dawo, ban da shi.

Agogon irin wanda ake wanawa ne, in an bar shi ya kwana biyu sai ya tsaya. Saboda haka kullum da safe in na idar da salla sai in wana shi. Duk tsayuwar wata kuma sai in tura lambar. Ba watanmu nake sa masa ba. Nakan tari fataken da suka tsallako in tambaye su yaushe nasu ya tsaya, in sa wannan. 'Ya'yana suka yi ta fama da ni in daina zuwa Maigatari, wai kuɗin mota ma ba ya fita, ga ido ya yi rauni. Gaskiyarsu ce. Na ce musu akwai amanar mutum a hannuna, kuma wuri ɗaya ya san zai same ni. Abin da ban gaya musu ba shi ne, duk inuwar da ta faɗo a kan teburina sai gabana ya faɗi, in ɗago da zagi a bakina, in ga mai neman batirin tocila ne. Na yi kewar mutumin nan ƙwarai.

Alhamis ɗin da abin ya zo, bara ne bayan Sallar Layya. Wani magidanci, dogo, da rigar direbobi, ya tsaya nesa kaɗan da teburin ya yi sallama, ya tsuguna. Tun daga tsawon wuyansa jikina ya ba ni.

Ya ce, "Baba, kai ne mai gyaran agogo na gindin darbejiya? Sunana Sa'idu, daga Damagaram nake, ina jan kamiyo, babbar motar kaya. Baffana, wato mahaifina, ya bar agogo a wurinka."

Na ce, "Yana ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Allah ya yi masa rasuwa, Baba. Kwanan nan aka yi sadakar arba'in."

Na yi salati, na yi masa addu'a, na yi wa ɗan ta'aziyya. Sa'idu ya ce tun a shekarar da aka rufe iyaka ɓarin jikin Juli ya shanye, yana tsaye a bakin rijiya ya faɗi. Suka ɗauke shi zuwa Damagaram, can ya yi ta jinya a kwance. Na ce to me ya hana a aiko, ko saƙo ne?

Ya ce, "Mun yi mun yi, Baba. Sau nawa ina biyowa ta nan da kaya. Ya hana. Ya ce ba wanda zai karɓo masa, da ƙafarsa zai zo. Sai da ya ga abin ya yi nisa sannan ya kira ni. Ya ce in zo ranar Alhamis, zan same ka. Ya ce kada in tambayi kowa nawa ga wata, in duba agogon."

Na sa hannu a aljihun gaba na ciro shi a cikin ƙyallensa. Sa'idu ya karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne, ya duba. A Maigatari ranar goma ga wata ne. Agogon yana nuna sha ɗaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Namu ne."

Na ɗauka shi ke nan, sai ya miƙo mini shi kuma. Ya ce, "Ya ce ka cire ƙwayar."

Maganar ta soke ni. Ita ce kaɗai abin da na taɓa ba Juli. Na ce, "Don me? Ta tsone maka ido?"

"A'a, Baba. Ya ce sai ka cire zan faɗi sauran. Ya ce kuma kai za ka cire, ba wani ba."

Ga ni da aikin da na fi kowa iyawa, a ranar da ban amince da hannuna ba. Gilashin irin wanda aka daina yi ne, in ya tsage ba inda zan samo wani, sai dai ɗan marigayi ya koma gida da fasasshen gado. Idona na dama, wanda nake sa wa madubi, ya yi hazo.  Haƙorin da nake gwaji da shi ma ya daɗe da fita, sai dai wannan ba na bukatar gwaji, na san gilashi ne.

Na kwance bayan, na zaro injin na kife da kofi, yana ta bugawa a ƙarƙashi. Mai shayin yanzu da gas yake dafawa, sai da na taka har wurin mai gasa masara na cusa ƙusar Malam Ilu a garwashinta. Na dawo da ita a hantsaki, na goge goshina da hula, na dafe gwiwar hannuna a kan tebur don hannun ya tsaya cik. Na ɗora kan ƙusar. Ban ga komai sosai ba, na rufe ido ma gaba ɗaya na sunkuya. Kasuwa tana ta warin shanu da hayaƙin babura da soyayyen ƙosai, ni kuma ina neman ɗan ƙauri guda a cikinsu. Na fara tsoron ko hancin ma ya tafi. Sai ga shi, siriri. Na ɗage ƙusa, na laluba gindin ƙwayar da reza, na kwantar da ita, na ce bismillah, na buga.

Ƙwayar ta zame ta faɗa kan ƙyalle. Na jira gilashin ya huce, na bi shi da babban yatsa daga gefe zuwa gefe. Ba tsaga, ba ɓantara. Na goge sauran gam ɗin da ruwan goge farce, na mayar da inji, na ɗaure baya. Sai a lokacin na ji rigata ta jiƙe sharkaf.

Na miƙa masa agogon, na naɗe ƙwayar a 'yar takarda na miƙa masa ita ma. Ya karɓi agogon, ya turo mini takardar. Ya yi ta murza hularsa, ya kasa kallona.

"Baba, ka gafarce ni, saƙo ne. Ya sa na maimaita har sai da na haddace." Ya ci gaba da cewa, "Ya ce, ka gaya wa bawan nan nawa ya riƙe ƙwayar. Ni na gama duba kwanan wata. Shi kuwa na san yanzu ya makance, ga rowa ba za ta bar shi ya sayi tabarau ba. Ya ce kuma wai ya 'yanta ka, don ba ka da amfani."

Dariya ta kufce mini, irin wadda na shekara da shekaru ban yi ba. Kafin in ankara bakina ya riga ni. Na buga tebur na ce, "Ji ɗan bayi! Wa ya 'yanta wa? Kai ma da ka kawo saƙon bawa ne ɗan bawa, dubi ƙafafunka kamar sandar kiwo! Koma ka gaya masa..."

Nan na tsaya. Na zuba wa Sa'idu ido ina jira, ko zai rama, ko da kalma ɗaya ce. Wuyan na Juli ne, hancin ma nasa ne. Ya ƙara sunkuyawa, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ni ba ni da bakinsa."

Kasuwa tana ta ci a bayanmu. Can na ce, "Sa'idu, ubanka mutumin kirki ne. Ban taɓa zama da kamarsa ba."

Masu igiya duk sun ji. Shi ne karo na farko da na faɗi alheri a kan Juli a bainar jama'a, kuma ba ya nan balle ya ce ƙarya nake yi.